Coccinelle wajen kawar da strcpy da danginsa: abin da ta iya da abin da ta bar wa mai aiki

Coccinelle manhaja ce ta kyauta wadda ake ba ta bayanin wani salon rubutu a harshen C, ta bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya tana zaƙulo duk inda salon ya bayyana, in an so kuma ta sauya shi da wani. Masu bincike a Faransa da Denmak ne suka ƙirƙiro ta, fitacciya a cikinsu ita ce Julia Lawall ta cibiyar Inria, kuma tun 2010 masu kula da kanel ɗin Linux (zuciyar tsarin Linux, wadda ke sarrafa na'ura kai tsaye) suka ba ta gurbi a cikin kayan aikinsu. Wannan sharhi bai shafi duk abin da take iya yi ba. Ya tsaya ne a kan aiki guda da muka sa ta, wato maye gurbin fankshan (guntun kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki) ɗin kwafe jerin haruffa masu haɗari, irin su strcpy da strncpy da strlcpy, a cikin kod ɗin da mutane da dama suke tarayya a kansa.

A ɗan wurin aikinmu da ke Samaru muna haɗa ƙananan akwatuna masu lura da batir da faifan sola, waɗanda ke aiko da rahoton caji da zafi ta layin waya. Kowane akwati yana ɗauke da allon ARM da Linux a kansa, sannan akwai direbobi na musamman (kod ɗin da ke haɗa kanel da sassan na'ura) da wata ƙaramar laburare (tarin fankshan da shirye-shirye ke kira) da muke amfani da su tare da wasu abokan sana'a a Sabon Gari da Kaduna da Kano. Wasu daga cikin direbobin mu muka rubuta su, wasu kuma gadonsu muka yi daga kamfanin da ya ƙera allon. Da muka yanke shawarar tashi daga kanel 5.10 zuwa 6.12, sai harhaɗawar, wato mayar da kod ɗin zuwa shirin da na'ura ke gudanarwa, ta tsaya cak, domin an cire strlcpy ɗungurungum daga kanel tun fitowar 6.8 a watan Maris na 2024, alhali direbobinmu cike suke da shi. Tun da dole ta sa a taɓa wuraren, sai muka ga gara a haɗa har da strcpy da strncpy a share su gaba ɗaya. Hukuncina a taƙaice shi ne, wajen nemo wuraren da yin sauyin da ba ya buƙatar tunani, ban ga abin da ya kamo ƙafar Coccinelle ba. Amma zaɓen abin da ya dace ya maye gurbin kowane kira yana nan a wuyan mai aiki, kuma duk wanda ya miƙa mata wannan zaɓi zai kawar da wata ɓaraka ne ya dasa wata wadda ta fi wuyar gani.

Kafin a fahimci ƙimar wannan kayan aiki sai an san ciwon da ake son magancewa. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya samar a Bell Labs a farkon shekarun 1970, jerin haruffa ba ya tafiya da tsawonsa a rubuce. Haruffa ne kawai a jere, sai bayit ɗaya mai ƙimar sifiri a ƙarshe wanda ke nuna cewa an kai iyaka. Shi strcpy ana ba shi mazubi da tushe ne kurum, sai ya yi ta kwafa har ya gamu da wannan sifirin rufewa, ba tare da ya san girman mazubin ba, tamkar mai awon da ke juye buhu cikin mudu bai duba ko ya cika ba. Abin da ya malala ba ƙasa yake zuba ba, kan bayanan da ke maƙwabtaka da mazubin yake hawa, kuma idan a cikinsu akwai adireshin da shirin zai koma bayan ya gama aikin da yake yi, to wanda ya tsara tushen da gangan yana iya karkata shirin zuwa inda ya ga dama. Tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta da ta addabi intanet a watan Nuwamba na 1988, ta bi ta irin wannan kafa a shirin fingerd, ta hanyar gets, wani fankshan na karɓar rubutu da shi ma ba ya duba girman mazubi, wanda daga baya aka fitar da shi daga ƙa'idar C a 2011. A cikin kanel abin ya fi muni, saboda babu wani bango da ya rage tsakanin kuskuren da sauran na'urar.

Mutane da yawa sun ɗauka strncpy ne maganin, ganin cewa yana karɓar adadi, alhali ba don wannan aka yi shi ba. An yi shi ne domin cike gurabe masu ƙayyadadden faɗi, kamar gurbin sunan fayil mai bayit 14 a tsohon Unix. Saboda haka idan tushe ya kai adadin ko ya zarce, ba ya sa sifirin rufewa ko kaɗan, idan kuwa tushe ya gaza, sai ya cike ragowar gurbin da sifirai har ƙarshe. Todd Miller da Theo de Raadt suka zo da strlcpy a OpenBSD 2.4 a 1998, wanda ke rufe jerin a kowane hali kuma ba ya wuce girman mazubi. Sai dai shi ma yana da nasa aibin, domin amsar da yake mayarwa ita ce tsawon tushe baki ɗaya, don haka sai ya karanta tushen har ƙarshe ko da bayit goma kawai zai kwafa, kuma in tushen ba shi da sifirin rufewa, karatun zai zarce zuwa inda bai kamata ba. Wannan ne ya sa aka shigar da strscpy na Chris Metcalf cikin Linux 4.3 a 2015. Shi ba ya karanta fiye da abin da mazubi zai ɗauka, yana rufe jerin, kuma amsarsa ita ce adadin da ya kwafa, ko kuma -E2BIG idan wuri bai isa ba har ya datse.

Girka Coccinelle ba shi da wahala a kan Debian ko Ubuntu, domin tana cikin rumbunsu da sunanta, kuma umarnin da ake kira shi ne spatch. Ba a biyan ko sisi, lasisinta GPL ne, kuma da zarar an sauke ta ba ta ƙara neman intanet, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa. Wanda ke son sabuwar siga fiye da ta rumbu zai harhaɗa ta da kansa, wanda hakan na nufin sauke OCaml, harshen da aka rubuta ta da shi, tare da tarkacensa. Mu ta rumbu ta wadatar da mu.

Inda ta fara burge ni shi ne yadda ake rubuta mata doka. Harshen dokokinta, SmPL, ya yi kama da faci, wato fayil mai nuna gyaran da za a yi wa kod, wanda kowane mai rubuta kod ya saba gani, layin cirewa da alamar ragi, layin ƙarawa da alamar tarawa, sai dai maimakon ainihin sunaye ana ayyana wakilai a sama. Ga dokar farko da muka fara da ita:

@@
type T;
T[] mazubi;
expression tushe;
@@
- strcpy(mazubi, tushe);
+ strscpy(mazubi, tushe, sizeof(mazubi));

Layi na uku shi ne abin da ya raba wannan kayan aiki da grep ko sed, manhajojin da ke nemo rubutu ko sauya shi ba tare da fahimtar C ba. Ya ce dokar ta kama kiran ne kawai idan mazubin jeri ne wanda aka ayyana girmansa, ba manuni ba, wato abin da ke riƙe da adireshin wani wuri kawai. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin idan aka tambayi sizeof girman manuni, amsarsa 8 ce a kan kwamfuta mai bit 64, ko 4 a kan allunanmu masu bit 32, komai girman wurin da manunin ke nunawa. Wanda ya yi sauyin da sed zai wayi gari da sunayen na'urori an datse su zuwa haruffa uku, kuma kwamfaila, wato manhajar da ke harhaɗa kod, ba lallai ta tsayar da shi ba. Coccinelle tana karanta nau'in kowane abu, tana gane kira ko da an karya shi a layuka uku, ba ta ruɗuwa da sunan fankshan da ya fito a cikin bayanin gefe, kuma tana da jerin salon rubutu da take ɗauka a matsayin abu guda, misali gwada manuni da NULL da kuma sa masa alamar korewa. A direbobinmu, mafi yawan kiran strcpy na irin wannan sauƙaƙƙen ne, sunan direba ko sunan tasha da ake zubawa a gurbi mai sanannen girma, kuma ta gama da su cikin mintuna, facin da ta fitar kuwa ya karantu sarai. Daga Linux 6.9 ma ana iya kiran strscpy da abu biyu kacal idan mazubin jeri ne, kwamfaila ta lissafa girman da kanta, ta kuma ƙi harhaɗawa in manuni aka ba ta. Mun bar salon mai uku ne saboda har yanzu wasu abokan tarayyarmu suna kan tsohon kanel, kuma direba ɗaya ne ya kamata ya yi wa kowa aiki.

Wani abin yabo shi ne ba ta tilasta wa mutum sauyi. A cikin kanel ana kiranta ta make coccicheck, a zaɓi yanayin da ake so: report yana lissafa wuraren da ta samu da lambar layinsu, context yana nuna su tare da abin da ke kewaye, patch kuma yana fitar da facin ba tare da ya taɓa fayil ba. Sai an ce mata --in-place ne take rubutu a kan ainihin fayilolin. Ana iya taƙaita ta ga jaka ɗaya da M, ga doka ɗaya da COCCI, a kuma raba aikin ga ƙwaƙwalen kwamfutar da J. Wannan taƙaitawa ba ado ba ce a wurinmu, domin sakin ta a kan kanel baki ɗaya aikin sa'o'i ne a kan kwamfutar cinya, kuma duk mazaunin Zariya ya san ba kullum wuta ke ba da irin wannan rancen lokaci ba. A jakar direbobinmu kaɗai kuwa, kafin shayi ya huce ta gama.

Wahalar ta fara ne daga strlcpy, wanda a ido ya fi kowanne sauƙi, tun da abubuwa ukun da ake ba shi su ne dai ake ba strscpy, a jere iri ɗaya. Idan ba a amfani da amsar da ya mayar, sauya suna kawai ya isa. Amma inda ake amfani da amsar, ma'anarta ta juye gaba ɗaya. Tsohon salon gane datsewa shi ne a duba ko amsar ta kai girman mazubi ko ta wuce, sabon kuwa shi ne a duba ko ta gaza sifiri. In aka sauya suna aka bar gwajin yadda yake, to ko dai gwajin ya daina kama datsewa har abada, ko kuma ya ci gaba da aiki bisa katari kawai, gwargwadon nau'in wurin da aka ajiye amsar. Mafi haɗari shi ne salon da ake tara amsar a kan wani ma'auni domin a san inda za a ci gaba da rubutu a cikin mazubi. Ƙimar E2BIG 7 ce, saboda haka ranar da aka samu datsewa ma'aunin zai ja baya da bakwai, idan kuma nau'insa ba ya ɗaukar lamba ƙasa da sifiri, yana iya rikiɗewa ya zama wata gagarumar lamba da za ta kai rubutu can wajen mazubi. An gudu ke nan ba a tsira ba. A nan Coccinelle ta taimaka ta wata fuska, domin mun iya rubuta doka ɗaya mai sauya kiran da ke tsaye shi kaɗai a matsayin jimla, da wata dokar mai lissafa sauran kiran ba tare da ta taɓa su ba. Jerin na biyu gajere ne, kuma da hannu muka bi shi.

A kan strncpy ne na fi ganin iyakar kayan aikin, kuma ba laifinta ba ne, domin amsar ba ta cikin layin da aka yi kiran. Duk inda aka ga strncpy, marubucin farko yana nufin ɗaya daga cikin abubuwa uku ne. Ko dai jeri rufaffe kawai yake so, sai ya yi amfani da abin da ya sani, to a nan strscpy ne daidai. Ko kuma yana son jerin a rufe kuma ragowar gurbin a share, to a nan sai strscpy_pad, wanda ya shigo a Linux 5.2 a 2019. Ko kuma gurbin ba jerin C ba ne sam, fili ne mai ƙayyadadden faɗi da wata na'ura ko wata ƙa'ida ta tsara, kamar filin sunan kamfani mai bayit 8 da na sunan kaya mai bayit 16 a amsar da faifan SCSI ke bayarwa, to a nan sa sifirin rufewa ma ɓarna ne, domin zai cinye harafin ƙarshe, kuma abin da ya dace shi ne strtomem ko strtomem_pad tare da yi wa filin alamar __nonstring. Rukuni na biyu shi ne wanda ya fi ba ni tsoro. Idan gurbin yana cikin wani tsari da za a kwafe shi sukutum a miƙa wa shirin mai amfani, ko a aika ta waya, kuma ba a share tsarin tun farko ba, to sifiran da strncpy ke cikewa da su su ne suke rufe tsofaffin bayanan da ke kwance a wurin. A musanya shi da strscpy zalla, komai zai ci gaba da aiki lafiya lau, gwaji zai wuce, amma guntayen abin da ke cikin ma'adanar kanel za su riƙa fita tare da kowane saƙo. Mun sami wuri irin wannan a direban da muka gada, a tsarin da ke ɗauke da sunan batir zuwa shirin da ke aika rahoto, kuma karatun ido ne ya gano shi.

SmPL tana da hanyar bin sawun tafiyar shiri, inda ɗigo uku ke wakiltar duk abin da ya gudana tsakanin wuri da wuri, don haka ana iya tambayar ta ko an kira memset ko kzalloc, masu share wuri da sifirai, a kan tsarin kafin a iso ga kwafin. Wannan ya rage mana aiki sosai, amma binciken nata a cikin fankshan guda yake tsayawa. Idan an ware tsarin a wani fayil aka miƙo shi ta manuni, ba za ta bi shi can ba sai mutum ya ɗaura dokoki da yawa a jere, kuma daga wani mataki rubuta dokar ya fi karanta wuraren cin lokaci.

Akwai kuma tambayar da babu wani kayan aiki da zai amsa ta, wato me ya kamata ya faru idan an datse. Kawar da malala ba ya nufin bayanin ya isa inda za shi daidai. Abokan cinikinmu suna sa wa akwatunansu suna da sunan unguwa, kuma a wani gurbi mai bayit 16, wanda haruffa 15 kawai yake ɗauka ban da sifirin rufewa, sunaye biyu kamar "Ƙofar Kuyambana 1" da "Ƙofar Kuyambana 2" duk za su koma "Ƙofar Kuyamban", rahoton gida biyu ya haɗe a layi ɗaya ba tare da wani ya ji ƙara ba. Mai lura zai ga cewa haruffa 14 ne suka tsira ba 15 ba, dalili kuwa shi ne a tsarin UTF-8 kowanne daga cikin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ bayit biyu yake ci. Duk waɗannan fankshan bayit suke ƙirgawa ba harafi ba, saboda haka datsewar tana iya faɗawa a tsakiyar harafi mai ƙugiya, a bar rabinsa a ƙarshen jerin, shirin da ke karɓar rahoton kuma ya ƙi saƙon baki ɗaya ko ya nuna wata alamar tambaya a cikin akwati. Wanda ya gwada da sunayen Turanci zalla ba zai taɓa cin karo da wannan ba. A irin waɗannan wurare mun sa kod ɗin ya duba amsar strscpy ya ƙi karɓar sunan da ya yi tsawo, mai saitawa ya ga kuskuren tun yana tsaye gaban akwatin. A wuraren da saƙon ɗan bayani ne kawai na littafin aukuwa, mun bar datsewar ta wuce. Coccinelle ta nuna mana wuraren duka, amma rarrabe su ya buƙaci wanda ya san abin da kowane gurbi yake ɗauka.

Ba mu ne muka fara lura da haka ba. Lokacin da Linus Torvalds ya karɓi strscpy a 2015 ya yi kashedin cewa ba ya son a biyo shi da tarin facin sauya tsofaffin kira ido rufe, domin irin wannan sauyi kan shigo da sababbin kurakurai a kod ɗin da yake aiki. Shi ya sa fitar da strlcpy ya ɗauki shekaru, ana bi sashe-sashe a ƙarƙashin shirin kare kanel da Kees Cook ke jagoranta, kowane faci yana bi ta hannun mai kula da sashensa. Fayil ɗin deprecated.rst da ke cikin takardun kanel ya jera waɗannan fankshan da abin da ya kamata ya maye gurbin kowanne, kuma ina ba da shawarar a karanta shi kafin a rubuta doka ko ɗaya.

Laburaren da muke tarayya a kanta, wadda ke aiki a wajen kanel, ta zo da nata yanayin, domin strscpy na kanel ne kaɗai, babu shi a glibc, laburaren C da shirye-shiryen wajen kanel ke dogaro da ita. Shekaru fiye da ashirin masu kula da glibc suna ƙin karɓar strlcpy, sai a siga 2.38 ta 2023 suka shigar da shi, ƙa'idar POSIX ta 2024 ma ta amince da shi. Abin dariya ne a ce a daidai lokacin da kanel ke korar sa ta ƙofar gaba, laburaren C tana yi masa maraba ta ɗaya ƙofar, amma kowane ɓangare da hujjarsa. Illar wannan a gare mu ita ce tsohon strlcpy da aka rubuta a cikin laburarenmu ya yi karo da na sabuwar glibc wajen harhaɗawa. Shi kuwa strcpy_s da ke cikin rataye na ƙa'idar C ta 2011 ba mu ko kalle shi ba, tun da glibc ba ta taɓa aiwatar da shi ba. Mun rubuta ɗan fankshan namu mai ɗabi'ar strscpy, muka ba shi suna na daban, Coccinelle kuma ta juya duk kiran zuwa gare shi. A nan na ga wata fa'ida da ban yi tsammani ba, domin dokar da muka rubuta ta zama abin da muke aika wa abokan tarayya su gudanar a kan nasu kod ɗin da ba mu taɓa gani ba. Faci na yau da kullum yana aiki ne kawai a kan fayil ɗin da aka yi shi dominsa, ita kuwa doka tana aiki a duk inda salon yake.

Aibobinta na kanta ba su da yawa, amma ɗaya daga cikinsu ya cancanci a ja kunne a kai. Coccinelle tana karanta kod ne kafin a warware makro (gajeren suna da ake musanyawa da wani rubutun kod kafin harhaɗawa), wanda hakan ne ke ba ta damar mayar da fayil a yadda mutum ya rubuta shi, har da rassan #ifdef da ba a harhaɗa su a na'urar da ake kai. Sai dai idan ta gamu da makro mai baƙon siffa wanda ta kasa fahimta, takan tsallake wannan yanki ta wuce, kuma in ba a nemi bayani ba, ba za ta ɗaga murya ba. Direbobin da kamfanonin alluna ke bayarwa sun shahara da irin waɗannan makro. Don haka rahoton da ya fito fayau ba shaida ba ne cewa wuri ya tsarkaka. Maganin shi ne a gudanar da spatch da --parse-c domin a ga abin da ta kasa karantawa, a ba ta fayil ɗin bayanin makro in da hali, sannan a ƙarshe a sake bi da grep a kwatanta. Haka nan idan ba ta ga fayil ɗin .h da aka ayyana tsari a cikinsa ba, ba za ta san cewa gurbin jeri ne ba, sai dokarmu ta sama ta wuce shi shiru, har sai an nuna mata inda fayilolin suke.

Saƙonninta na kuskure, idan mutum ya rubuta doka ba daidai ba, gajeru ne kuma ba sa nuna hanya, sau da yawa lambar layi ce kawai da alamar da ta tsaya a kai. Takardar nahawun SmPL cikakkiya ce amma an rubuta ta ne da salon masu bincike, kuma ɗaliban jami'a da ke zuwa koyon aiki wurinmu ba su amfana da ita ba kamar yadda suka amfana da buɗe jakar scripts/coccinelle ta kanel suna kwaikwayon dokokin da ke ciki. Wanda ya iya C sosai zai rubuta doka mai amfani a zamansa na farko, amma ɗigo uku da sharuɗɗan when suna buƙatar haƙuri. Takan kuma karya dogon layi a inda bai yi kyau ba bayan sauyi, sai an bi da checkpatch.pl, mai duba salon rubutun kanel, an gyara. Ga mai kod ɗin C++ kuwa, tallafin da take bayarwa bai kai na C ba.

Ba ita kaɗai ce a fagen ba. Tun GCC 8 kwamfaila ke gargaɗi a kan strncpy mai alamar datsewa, clang-tidy yana nuna kiran strcpy, FORTIFY_SOURCE da ya shigo kanel a 4.13 yana tsayar da malala idan an san girman mazubi, KASAN kuma yana kama ta yayin gwaji. Dukkansu muna kunna su, kuma bayan sauyin mun bar akwatunan gwaji suna aiki da KASAN da dogayen sunaye masu ƙugiya kafin mu saki komai. Amma waɗannan masu nuni ne ko masu tsaro, kuma suna ganin abin da aka harhaɗa ne kawai. A cikinsu babu mai ba ka damar ka bayyana sauyin da kake so da kalmominka, ya aiwatar da shi a ɗaruruwan wurare, ka kuma miƙa wa wani ya maimaita. Wannan ne ya sa ayyuka irin su Git da QEMU da systemd suke ajiye nasu dokokin Coccinelle a cikin kod ɗinsu.

Ga wanda shirinsa bai wuce fayil biyar ba, koyon SmPL ɓata lokaci ne, ya buɗe fayilolin ya gyara da hannu. Ga mai riƙe da direbobi a wajen kanel, ko laburaren da wasu ke dogaro da ita, ko duk wanda zai haye 6.8 da tsohon kod, ina ba da shawarar ta ba tare da jinkiri ba, bisa sharaɗin ya fara da report, ya raba dokokinsa gwargwadon haɗari, ya fitar da faci jaka-jaka yadda wani zai iya karantawa, kuma kada ya bar ta ta sauya strncpy ko ɗaya da kanta. A wurinmu strcpy da strlcpy sun ƙare a direbobi da laburare, mun kuma sa dokar bincike tana gudana a kan duk sabon faci domin kada su dawo. Sauran 'yan wuraren strncpy ne a direban modem, inda faɗin filayen ya dogara da takardar bayanin na'urar, kuma mun bar su yadda suke da alama a gefensu har sai takardar ta iso daga mai kawo mana kaya.